Ciwon Bayan da Ya Ƙi Tafiya: Fargabar Iyaye da Zaɓin Ɗan da Ya Girma

Uwa tana zaune tana kallon ɗanta mai shekara 35 yana ƙoƙarin tashi daga kan kujera. Sai ya dafa hannun kujerar, ya riƙe numfashi, ya miƙe zuwa rabi, ya tsaya a sunkuye na ɗan lokaci kafin ya ƙarasa miƙewa, sannan ya yi murmushi ya ce mata, "Da sauƙi, Mama." Wata takwas ke nan tana jin wannan amsa. Ta san wani likita ya yi masa maganar tiyata, wani kuma ya ce ya dage da motsa jiki, ta kuma ga kwalin ƙwayoyin da yake ajiyewa a gefen gado yana ƙarewa da wuri fiye da da. A cikin waɗannan abubuwa uku ba ta san wanne ya kamata ta fi tsoro ba, kuma duk lokacin da ta buɗe baki sai zancen ya ƙare da, "Ki bar ni, na san abin da nake yi."

Wannan hali ya zama ruwan dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050, kuma babu wata lalura da ta fi shi hana mutane aiki da walwala a duniya. Likitoci suna kiran ciwon baya mai daɗewa idan ya wuce mako 12. Wannan iyaka tana da amfani, domin yawancin ciwon baya na farat ɗaya yakan lafa cikin makonni kaɗan ko da magani ko babu, amma wanda ya haura wata uku wata irin matsala ce daban, kuma dabarun da ke aiki a kan na farko ba lallai ne su yi aiki a kan na biyu ba.

Abin da ya fi wuyar karɓa ga iyaye shi ne cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na masu wannan ciwo ba a iya nuna wani wuri guda a ce ga abin da ya lalace. Tunanin mai hankali yakan tafi kai tsaye: tunda akwai ciwo, akwai abin da ya karye ko ya goce, a nemo shi a gyara. Sai dai ciwon da ya daɗe ba haka yake tafiya ba. Tun a shekarar 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa laka da ƙwaƙwalwa suna iya ƙara ko rage saƙon zafi kafin mutum ya ji shi, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa idan zafi ya daɗe, jijiyoyin da ke ɗauke da shi sukan zama masu saurin firgita, har motsi kaɗan ya riƙa tayar da zogi mai tsanani bayan naman da ya fara jin rauni ya riga ya warke. Rashin barci, damuwa, tsoron motsi da zaman wuri ɗaya duk suna ƙara hura wannan wuta. Zafin na gaske ne, mai shi ba ƙarya yake yi ba kuma ba raki yake yi ba, amma girmansa ba ya auna girman ɓarnar da ke cikin baya.

Daga nan ne rikicin hoto yake tasowa. Uba ya sa tabarau yana karanta sakamakon hoton MRI na ɗansa, sai ya ci karo da kalmomi irin su zaizayewa da kumburowar faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, nan take jikinsa ya yi sanyi, ya ɗauka bayan ɗansa ya gama lalacewa. Da zai ga hoton bayansa shi kansa, da wataƙila ya tarar da abin da ya fi haka. A shekarar 1994 aka wallafa wani bincike a Amurka inda aka ɗauki hoton mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya kumburo. A 2015 kuma aka tattara bincike masu yawa a kan mutanen da ba su da ciwo, aka ga alamar zaizayewar faifai a kashi 37 cikin ɗari na masu shekara 20, da kashi 96 cikin ɗari na masu shekara 80. Wato yawancin abin da hoto ke nunawa tamkar furfura yake, alamar shekaru ce da ke bayyana a ciki. Shi ya sa ƙa'idojin likitanci na ƙasashe da dama ba sa goyon bayan a ɗauki hoto ga kowane mai ciwon baya, sai idan akwai alamar haɗari ko kuma sakamakon zai sauya maganin da za a yi. Uwar da ke ganin likitan ɗanta ya yi sakaci don bai tura shi hoto ba, sau da yawa likitan da ya yi daidai take zargi.

Akwai kuwa inda fargabar iyaye take kan gaskiya, kuma ya kamata su san wurin da kyau. Idan mai ciwon baya ya fara kasa yin fitsari, ko fitsari da bayan gida suna zubo masa ba da saninsa ba, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazaunansa sun sage, ko ƙafa tana ƙara mutuwa kullum har yana jan ta, to wannan ba abin jiran gari ya waye ba ne, domin yana iya nufin an danne jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma jinkirin sa'o'i yana iya barin nakasa ta har abada. Haka nan zazzaɓi, rama ba dalili, tarihin ciwon daji, faɗuwa ko haɗari, da zafin da ba ya lafawa ko an kwanta, duk suna buƙatar bincike na musamman, saboda ciwon daji da tarin fuka da sauran ƙwayoyin cuta suna iya kama ƙashin baya. Waɗannan ba su da yawa: wani bincike da aka yi a Sidni ta Ostireliya a kan mutum sama da dubu ɗaya da suka je wurin likita da sabon ciwon baya ya tarar da mummunar cuta a ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Akwai kuma wani nau'i da ake yawan tsallakewa a jikin matasa, wato kumburin gaɓoɓin ƙashin baya wanda yakan fara kafin shekara 45, ya riƙa tada mutum cikin dare, ya wayi gari bayansa a sandare fiye da rabin sa'a, motsi ya rage shi, hutu kuma ya ƙara shi. Masu wannan sukan shafe shekaru kafin a gano su, alhali suna da maganinsu daban. Uban da ya lura da wannan siffa ya ce wa ɗansa ya faɗa wa likita ya yi babban aiki.

In an cire waɗannan, sai a zo kan magunguna, kuma a nan labarin ba mai daɗin ji ba ne. Farasitamol, wanda kowa ke fara ɗauka, an gwada shi a Ostireliya a 2014 a kan sabon ciwon baya, aka tarar bai fi ƙwayar da babu sinadarin magani a cikinta ba. Magungunan rage kumburi irin su ibufurofen da daikulofenak suna rage zafi kaɗan, kuma suna cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ƙa'idojin da ta fitar a watan Disamba na 2023, amma shan su wata da watanni yana iya jawo gyambon ciki, zubar jini, hawan jini da lahanin ƙoda. Firegabalin, da ake yawan rubutawa domin zafin jijiyar da ke sauka ƙafa, an gwada shi a 2017 bai nuna fifiko a kan ƙwayar bogi ba, sai dai ya ƙara jiri.

Abin da ya fi hana iyaye barci shi ne dangin ofiyom, wato taramadol, kodin, mofin da ire-irensu, kuma suna da hujja. Amurka ta ga ƙarshen wannan hanya: bayan an fito da OxyContin, wani maganin zafi na wannan dangi, a 1996 aka tallata shi a matsayin mai ƙarancin kama jiki, kamfanin da ya yi shi ya amsa laifin yaudara a kotu a 2007, kuma a shekarar 2021 kaɗai mutum sama da dubu 80 suka mutu a ƙasar sakamakon wuce kima da wannan dangin ƙwayoyi. Abin takaicin ma shi ne amfanin nasu bai taka kara ya karya ba. A 2018 aka wallafa gwajin da aka yi a kan tsofaffin sojoji 240 a Miniyafolis masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu, aka bi su shekara guda, sai aka ga waɗanda aka ba ofiyom ba su fi sauran iya gudanar da harkokinsu ba, zafinsu ma ya ɗan fi, illolin maganin kuma sun fi yawa a wurinsu. Jiki yana sabawa da waɗannan ƙwayoyi, adadin da ya isa jiya ba ya isa gobe, kuma haɗa su da maganin barci ko barasa yana iya tsayar da numfashi.

Duk da haka, kuskuren da iyaye suka fi yi a nan shi ne su ɓoye ƙwayoyin ko su zubar da su, suna ganin sun ceci ɗansu. Wanda ya daɗe yana shan su idan aka yanke masa dare ɗaya zai shiga gumi, amai, gudawa, rawar jiki da zafin da ya ninka na da, kuma irin wannan hali ne ke tura wasu neman ƙwaya ta bayan fage, wadda ba a san abin da ke cikinta ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan yankewa kwatsam a 2019. Hanyar da aka sani ita ce ragewa sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, wani lokaci har tsawon watanni. Kuma akwai bambanci tsakanin jikin da ya saba da magani, wanda yake faruwa ga kusan duk wanda ya daɗe yana sha, da jarabar da ke sa mutum ƙarya, yawon neman likitoci da yawa, da watsi da aiki da iyali. Kiran na farko ɗan ƙwaya zalunci ne, kuma shi ne ke rufe ƙofar magana tsakanin uba da ɗa.

Tiyata kuwa iyaye sun kasu biyu a kanta: masu rantsuwa cewa ba za a taɓa bayan ɗansu da wuƙa ba, da masu ganin duk wani jinkiri ɓata lokaci ne. Duka biyun suna haɗa ayyuka daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Idan faifai ya ɓalle ya danne jijiya, zafi yana sauka daga ɗuwawu zuwa ƙasan gwiwa, cire ɓangaren da ya danne jijiyar aiki ne da aka san amfaninsa. Gwajin da aka yi a Holan a 2007 a kan mutum 283 ya nuna waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi waɗanda aka sa su jira saurin samun sauƙin zafin ƙafa, amma bayan shekara guda kusan kashi 95 cikin ɗari na ɓangarorin biyu sun warware, duk da cewa kusan kashi biyu cikin biyar na masu jira sun ƙare da yin aikin daga baya. Dalilin wannan shi ne jiki da kansa yakan narkar da ɓangaren faifan da ya ɓalle a yawancin mutane. Don haka abin da tiyata ke saye a irin wannan hali shi ne lokaci, kuma wanda ke kwana yana juyi shi ya fi cancanta ya ce ko lokacin ya kai a saya da haɗarin aiki.

Haɗe ƙasusuwan baya da ƙarfe da kusoshi domin maganin ciwon da ya tsaya a baya kaɗai, ba tare da danne jijiya ko gocewar ƙashi ba, wannan magana ce daban. A Birtaniya an gwada shi a kan mutum 349, aka wallafa a 2005, inda aka kwatanta shi da shirin gashi da motsa jiki mai tsanani, aka tarar bambancin bayan shekara biyu ɗan kaɗan ne. Tun 2016 ƙa'idar hukumar da ke tsara jinya a Ingila ta ce kada a yi wannan aiki domin ciwon baya kawai sai a cikin gwajin bincike. Aiki ne da ba a iya warwarewa, yana ƙara nauyi a kan gaɓoɓin da ke sama da ƙasa da wurin, kuma wasu sukan fito da zafin da suka shiga da shi. A ganina, nan ne wurin da ya dace iyaye su nace a kan jin ta bakin likita na biyu, don kada garin gyaran gira a rasa ido. Allurar da ake yi kusa da laka ita ma tana rage zafin ƙafa na ɗan gajeren lokaci ga wasu, ba ta wuce nan. Su kuwa magungunan da ake tallatawa da sunan na ganye masu kashe ciwon baya nan take, ya isa a tuna cewa a 2022 hukumomin Amurka sun gano wasu irinsu da ake tallatawa domin ciwon gaɓoɓi ɗauke da magungunan asibiti, daikulofenak da dezametason, a ɓoye.

To me ya rage? Abin da ya rage shi ne wanda iyaye suka fi rainawa, saboda ba ya kama da magani. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun sa ilimantar da majinyaci game da ciwonsa, motsa jiki mai tsari, tausa da gashi, da horon sarrafa tunani a gaba, suka kuma hana ɗamarar baya, jan ƙashi da na'ura, da dangin ofiyom. Babu wani nau'in motsa jiki da ya yi wa sauran fintinkau, wanda mutum zai iya ɗorewa a kai shi ne mai amfani. Gwajin da aka wallafa a 2024 a kan mutum 701 da suka farfaɗo daga ciwon baya a Ostireliya ya nuna waɗanda aka ɗora a kan shirin tafiya a ƙasa sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, sauran kuma kwana 112. Gaskiya ce cewa amfanin waɗannan hanyoyi matsakaici ne, ba sa kashe ciwo dare ɗaya, kuma makonnin farko zafi yakan ɗan ƙaru. Masana ma ba su haɗu a kan komai ba: likitocin Amurka sun amince da maganin tsira allurai irin na Sin a 2017, ƙa'idar Ingila kuwa ta ce kada a yi shi domin ciwon baya.

A nan ne maganar take komawa kan iyayen kansu, kuma ita ce mafi nauyi a cikin zancen duka. Uwar da ta ga ɗanta zai sunkuya ya ɗauki jaka sai ta yi wuf ta karɓe, ta ce, "Bari, kada ka ƙarasa bayan." Ta hana shi tuƙi, ta hana shi ɗaukar ɗansa, ta ce ya ajiye aiki ya kwanta har ya warke, kullum kuma gaisuwarta ta farko ita ce, "Yaya bayan?" Ƙauna ce zalla, amma saƙon da take isarwa shi ne bayansa kamar ƙwai yake, motsi kaɗan zai fasa shi. An daɗe da sanin cewa kwanciya ba ta warkar da baya: gwajin da aka yi a Finland a 1995 ya nuna masu sabon ciwon baya da suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko sun fi waɗanda aka kwantar saurin warwarewa. A ciwon da ya daɗe kuwa, tsoron motsi yana haifar da guje wa motsi, tsokoki su yi rauni, barci ya lalace, mutum ya janye daga aiki da jama'a, zafin ya ƙaru, tsoron ya sake ƙaruwa. Binciken halayyar masu daɗaɗɗen ciwo tun daga aikin Wilbert Fordyce a shekarun 1970 ya nuna cewa yadda mutanen gida ke amsa koken majinyaci yana da alaƙa da yadda ciwon ke riƙe shi. Ɗaya gefen ma yana da illa: uban da ke cewa "ka cika son jiki, mu da muka yi aikin ƙarfi ba mu mutu ba" yana koya wa ɗansa ya ɓoye halin da yake ciki ne kawai.

Haka nan idan aka tura ɗan wurin masanin halayyar ɗan Adam, iyaye da yawa sukan ji kamar an zage su, su ce ɗansu baya ke masa ciwo, ba taɓin hankali gare shi ba. Alhali manufar ita ce a koya masa yadda zai kwance tsoron motsi, ya daidaita aiki da hutu, ya gyara barcinsa. Wani gwaji a kan mutum 492 da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa haɗa irin wannan horo da komawa motsin da majinyaci ke tsoro a hankali ya rage nakasar ciwon sosai, kuma amfanin ya ɗore har shekara guda.

Saura batun wanda ke da ikon yanke hukunci. Ɗa ba ya girma a idon iyayensa, amma a idon doka da ƙa'idar likitanci baligi mai hankali shi ke da ikon karɓa ko ƙin magani, likita kuma ba shi da izinin bayyana sirrin jinyarsa ga kowa sai da yardarsa. Iyaye suna iya faɗa wa likita abin da suka gani, shi ne dai ba zai mayar musu da bayani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ɗan ne ya san darare nawa ya yi bai runtsa ba, shi ya san ko aikinsa zai jure wata shida na jira, kuma shi zai zauna da sakamakon duk abin da aka zaɓa. Abin da ya fi tasiri a bakin iyaye tambaya ce, ba umarni ba. Me ake so wannan magani ya ba ka damar yi wanda ba ka iya yi yanzu? Zuwa yaushe za a duba a ga ko ya yi aiki, in bai yi ba kuma me zai biyo baya? Likitan ya faɗa maka abin da zai faru idan ba a yi aikin ba? Ɗan da ba zai saurari "kada ka kuskura" ba yakan tsaya ya yi tunani a kan waɗannan, sau da yawa ma ya tafi da su wurin likita.

Akwai lokutan da ladabin jira ya ƙare: idan alamun danne laka suka bayyana, idan aka same shi yana barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa yana ja a hankali bayan shan ƙwaya, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, domin daɗaɗɗen ciwo yana tafiya da ciwon baƙin ciki fiye da yadda ake zato. A irin waɗannan ana kai shi asibiti ne, a yi bayani daga baya. Gidan da ke da mai shan dangin ofiyom kuma ya kamata su tambayi likita game da nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya saboda wuce kima, su san inda aka ajiye shi da yadda ake amfani da shi.